Darasin Ƙarfe Takwas

Na ƙetare gada tun kogi bai wartsake ba,
masu wanki sun fara shanya a kan duwatsu.
Jakata ta yi nauyi da kundin tsarin mulki,
uku na ɗauko,
don ban san wanda zai kai la'asar ba.

Shekara ashirin da biyu ina shaƙar alli a Harobanda.
Fanka ɗaya ke juyi a zauren, ita ma da ƙyar,
ɗalibi ɗari uku, benci bai kai rabinsu ba.
Na rubuta a allo: rabon iko gida uku.
Na ce murhu ne, duwatsu uku ke riƙe tukunya,
ka janye guda, tuwon gida ya sha toka.

Sahiya, ƴar Keita mai tabarau, ta ɗaga hannu:
"Malam, in wanda ya janye dutsen
shi ke riƙe da ludayi fa?"

Zaure ya yi tsit.
A bencin baya akwai wani saurayi
da ban taɓa gani ranar jarrabawa ba,
amma bai taɓa fashin darasina ba,
alƙalaminsa ba ya hutawa.
Na ce, "Wannan tambayar ta ƴan shekara ta uku ce."
Na kurɓi ruwa. Ya tsaya mini a wuya.

Da na faɗa mata:
ba takalmin soja kaɗai ke taka takarda ba.
Na ga mai babbar riga ya zo mata da almakashi,
daidai ayar da ta ce sau biyu kawai.
Ya tara mu a otel bakin kogi,
naman zabi, lemu mai sanyi, ambulan a ƙarƙashin faranti,
muka tono masa hujja
daga littattafan da muka sha rantsuwa da su.
Gara ba ta kaɗa ganga in za ta ci rufin ɗaki.

Dakta Nomau, ofishinmu ɗaya, butar shayinmu ɗaya,
shafi ɗari shida ya rubuta kan iyakar iko.
Yanzu yana wuce ni cikin mota mai baƙin gilashi,
ina jin yana ɗaga mini hannu,
ba ni da shaida.
Dakta Illa ya ce a'a, a rediyo, da rana tsaka.
Matarsa ke kai masa kwano duk ranar Lahadi,
mai gadi ya motsa miyar da cokali kafin ta shiga.

Ni kuwa?
Ina rubuta maƙala cikin Faransanci
ga wata mujalla a bayan teku,
mutum bakwai ke karantawa,
biyu daga ciki masu neman kuskure.
Ina jiran ƙarin girma, ina jiran ƙarshen wata,
ina auna kalma kamar mai sayar da zinariya.

Da magariba na bi ta Katako.
Tsahara ta ƙunsa mini ƙosai na dala ashirin,
sai ga rubutu a jikin takardar,
fassarar Hausa da muka yi wata shida muna gardama a kanta:
"Iko na jama'a ne."
Mai ya jiƙa shi har ana hango yatsuna ta baya.
Ta ce, "Takarda ce mai kyau, Malam, ba ta yoyo,
kilo-kilo nake saye."

Na ci ƙosan a tsaye.
Na shimfiɗa takardar a gwiwa, na ninke ta huɗu,
na sa a aljihun gaba.

Gobe ƙarfe takwas Sahiya za ta zauna a benci na biyu,
saurayin kuma a nasa.
Ban san abin da bakina zai yi ba.
Aljihuna dai ya riga ya yi tabon mai,
kowa zai gani.